Ƙodar hagu mai jijiya biyu ko ta dama mai guda ɗaya?

Hajiyarmu ta Kubwa, kin ce ƙaninki zai ba maigida ƙoda, hoton siti sikan kuma ya nuna ta hagu tana da jijiyar kai jini biyu, ta dama guda ɗaya. Wacce ta fi?

Ta dama sauƙinta a fili yake, jijiya ɗaya, ɗinki ɗaya. Inda take da rauni shi ne jijiyar da ke fitar da jini daga cikinta: gajeriya ce, santimita 2 zuwa 4, ga bango siriri. In aka ja ta da ƙarfi wajen haɗawa da jijiyar ƙasan cikin majinyaci tana iya yagewa, ko ta lanƙwashe jini ya daskare a ciki, wanda sau da yawa asarar ƙodar ke nan. Ta hagu kuwa takan kai santimita 6 zuwa 10, shi ya sa likitoci suka fi ɗaukarta.

Jijiyar kai jini biyu ba baƙon abu ba ne, kusan mutum 3 cikin 10 haka Allah ya halicce su. Sai dai kowace jijiya da yankin da take shayarwa, babu mai taimakon wata; wadda aka ɗaure, yankinta ya mutu. Saboda haka abin tambaya, ina ta biyun ta nufa? In ƙarama ce, ƙasa da milimita 2, tana can saman ƙoda, ana iya ɗaure ta. Ta ƙasa kam ba a sadaukar da ita, don ita ke ba bututun fitsari jini. Aka rasa ta, bututun ya ruɓe fitsari ya riƙa yoyo, ko ya tsuke daga baya.

In kaurin jijiyoyin biyu ɗaya ne, sai a tsaga gefen kowace a ɗinke su baki ɗaya kamar wando, ƙodar tana cikin ƙanƙara. In ɗaya ta fi, a dasa ƙaramar a jikin babbar. Aikin kan ɗan daɗe, ƙodar ma tana iya jinkirin fara fitsari, amma a hannun gwani daɗewarta a jiki kusan ɗaya ne da mai jijiya guda. A ganinmu hagu mai biyu takan fi dama mai gajeriyar jijiya.

Duk wannan, Hajiya, sai in ƙarfin ƙodojin biyu ya yi daidai. In ɗaya ta fi aiki sosai, ita ake bar wa ƙaninki, ko da ɗaya ɗin ta fi wuyar ɗinki.