Amfilifayar CB ta hannu: kwana biyar ta yi kafin ta yi ƙauri

Da a daren farko na rubuta wannan sharhi, da tauraro biyar zan ba amfilifayar nan mai ƙara wa rediyo ƙarfin aika murya, har in bi mai ita da addu'a. Allah ya sa ban yi gaggawa ba.

Rediyon CB ɗin motata, irin wanda direbobi ke magana da juna da shi, wat 4 yake fitarwa, kamar kowane irinsa da ba a taɓa cikinsa ba. A buɗaɗɗen fili ba laifi, amma da zarar tudu ya shiga tsakani, sai in riƙa jin direbobin manyan motoci raɗau a layi na 19, ni kuwa in yi ta kira ba mai tanka mini. Abin da ya kai ni neman ta hannu ke nan. Mai sayarwa ya ce daga motarsa ya kwance ta, wai ko sukundireba ba ta taɓa gani ba. A jikinta an rubuta wat 300 ɓaro-ɓaro. Gwajin da ya yi mini bai wuce wannan ba: ya jona ta da batir, jar fitila ta kawo, ya taɓa wani makunni, rile, wato ɗan makunnin lantarki da ke cikinta, ya yi ƙas, ya dube ni yana murmushi. Ni ma na yi murmushi, na biya. Yanzu na san ko wadda cikinta ya zama gawayi za ta kawo jar fitilar nan.

Kuskuren farko nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Don ɗoki, a soket ɗin kunna sigari na jona ta. Ina danna makirufo fis ya tashi. Soket ɗin nan amfiya 15 aka ɗaura masa a motata, ita kuwa irin wannan mai taransista biyu in ta ɗauki murya tana iya jan fiye da 20. Washegari na yi abin da ya kamata tun farko: jar waya mai kauri tun daga kan batir, fis na amfiya 30 kusa da batirin da bai fi taƙi ɗaya ba, na bi da ita ta ramin roba da ke bangon inji. Baƙar waya kuma gajera, na kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli na ɗaure ta a jikin mota. Wuni guda ya ci mini, da bayan hannu duk ƙarzuwa.

Da dare na fita gwaji. Mitar SWR, wadda ke nuna yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ya dawo baya, ta tsaya wajen 1.4, na ce madalla. Kira ɗaya na yi wani direba ya amsa, ya ce, "Kai ɗan'uwa, a cikin motata kake ne?" Da ya faɗi inda yake sai da na tsaya gefen hanya don murna, wurin da a da ko numfashina ba ya kaiwa. Fitilun dashbod suna dusashewa duk sa'ad da na yi magana, waifa ma ta motsa da kanta sau biyu ba ruwa ba iska, amma duk ban damu ba. Wani kuma ya ce muryata tana fantsama har layi na 17 da na 21, in rage. Na ɗauka hassada ce.

Rana ta biyar ina tsakiyar hira sai wani wari ya taso daga ƙarƙashin kujera, irin na roba da ta haɗu da wuta. Na kai hannu kan ƙarfen sanyayawa, na janye ba shiri. Wanda muke magana da shi yana ta "ka ɓace, ka ɓace". Jar fitilar kuwa tana nan tana ci abinta.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, kuma a teburinsa ne na gane abin da na saya. Tun kafin ya buɗe ya nuna mini kawunan sukurorin murfi, duk sun cinye, biyu ma ba irin sauran ba ne. Ya ce, "Yaro, wannan da ka ce ba ta taɓa ganin sukundireba ba, ai a gidan sukundireba ta girma." Da ya ɗaga murfi, fis ɗin da ke cikinta ya mutu tun tuni, an naɗe shi da siririyar wayar tagulla, wato da gobara za ta tashi daga ciki ba abin da zai tare ta sai nawa na kan batir. Taransistocin biyu duk an rubuta musu 2SC2879. Ya ɗiga wani ruwa a auduga ya goga kan ɗaya, rubutun ya tsaya daram. Ya goga ɗayan, rubutun ya biyo audugar. Toshiba ce ke yin na ainihi, ta kuma daina yin su da daɗewa, shi ya sa jabu ya cika kasuwa. Su biyun nan karɓa-karɓa suke aiki, wannan ya tura rabin zango wancan ya tura rabi, don haka dole su zama tagwaye. An haɗa doki da jaki a keke ɗaya. Ƙarƙashin jabun babu ko ɗigon farin man nan da ke kai zafi jikin ƙarfe, a bushe aka ɗora shi, da sukuru ɗaya maimakon biyu. Dalmar da aka like ƙafafunsa da ita dunƙule-dunƙule kamar kashin awaki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wata guntuwar waya da ya ɗago da bakin hantsaki. A mashigar amfilifaya akwai 'yan resistoci da ke rage ƙarfin da rediyo ke turo mata. An tsallake su da wannan waya, don allurar mita ta yi tsalle mai saye ya ga wat da yawa. Wannan ba tsautsayi ba ne, mutum ne ya zauna ya yi shi da hankalinsa. Wat 4 ɗina kaf yana faɗawa kan taransistoci ba shamaki, shi ne fantsamar da mutumin nan ya yi mini ƙorafi a kai na ce hassada ce. In yana karanta wannan, ya yafe mini.

Sai dai dattijon bai bar ni na fita da gaskiya duka ba. Ya tambaye ni nawa rediyona ke fitarwa in na danna makirufo ban yi magana ba. Na ce ban taɓa aunawa ba. Ya girgiza kai. A tsarin AM, wanda rediyona ke aika murya da shi, in ka yi magana da cikakkiyar murya, ƙololuwar ƙarfi tana ninka na shirun sau huɗu. Amfilifayar da iyakarta wat 200 ke nan bai kamata ta wuce 50 a shiru ba, saura wurin murya ne. Ni kuwa na cika ta tun kafin in buɗe baki, na kuma cusa ta ƙarƙashin kujera kan kafet inda iska ba ta ratsawa, ina zuba surutu minti uku ba sakin makirufo. Ko sabuwa fil ce, in ji shi, da ta ji jiki. Na haɗiye wannan. Har na fara cewa a raina wataƙila mai sayarwar ma haka ya same ta.

Wannan tunanin bai kwana ba. Na kira mai sayarwar cikin mutunci, na ce, "Malam, ga abin da aka gani a cikin kayanka." Ban ambaci waya ba tukuna, sai ya ce ai wayar nan ƙarin ƙarfi ce, kowa na yi. Wace waya? Ashe ya sani sarai. Daga nan sai "a hannunka ta ƙone", sai "ai ka gwada kafin ka biya", sai layi ya katse. Har yau in na kira, ƙara ɗaya take yi ta yanke.

Gyara ya ci kusan abin da na saye ta. An sa taransistoci biyu masu kai ɗaya, an mayar da resistocin, an rage rediyon zuwa wat ɗaya da rabi a shiru, an gwada ta a kan lodin gwaji mai om 50 maimakon eriya. Ƙololuwarta ba ta kai 200 ba, 300 ɗin nan ado ne. Yanzu tana aiki tsaf, ba zan yi mata ƙarya ba, waifa ma ta natsu tun da aka sa wa wayoyi zoben ferayit mai tare kutsen siginar rediyo. Amma lissafin da ban yi ba tun farko shi ke damuna. Kafin allurar da ke nuna ƙarfin sigina a rediyon wanda ke sauraronka ta hau mataki ɗaya, sai ka ninka ƙarfinka sau huɗu: daga 4 zuwa 16 mataki ɗaya, 64 biyu, 256 uku. Duk wannan wahala a kan abin da bai cika mataki uku ba. Kuma baki kawai take ƙara maka, ba ta ƙara kunne. Akwai makunnin ƙara ji a jikinta, amma da murya da shuuu ɗin iska tare yake ɗaga su. Da doguwar eriyar nan ta inci 102 na saya a madadin 'yar gajeruwata mai maganaɗisu, da na samu riba a ji da faɗa gaba ɗaya, ba fis ba wari.

Ga kuma maganar doka, wadda mai sayarwa bai ko yi tari a kanta ba. A Amurka hukumar sadarwa ta FCC ta tsayar da CB a wat 4 na AM da 12 na SSB, wato wani tsarin aika muryar, ta kuma hana jona masa amfilifaya ɗungurungum, ƙasashe da dama ma iyakar wat ɗinsu ke nan. Wannan da abin da na gani a teburin dattijo suka sa yawancin lokaci a kashe take, na mayar da ita but ɗin mota inda take shan iska.

Tauraro biyu na ba ta, ɗaya na daren farko, ɗaya na dattijon da ya tashe ta. Mai sayarwa ba shi da ko ɗaya. Shekaranjiya na ga ya sake fito da wata, hoton jar fitila a kunne, a ƙasa ya rubuta wai ko sukundireba ba ta taɓa gani ba.