Bayan Sakandare a Zariya: Jami'a, Poli, Sana'a ko Kaki?

Wanda ya gama sakandare a Zariya ba ya rasa inda zai nufa. Daga Samaru zuwa Kongo, daga Basawa zuwa hanyar Kaduna, manyan makarantu ne birjik. Sai dai aljihun gida bai kai yawan hanyoyin ba. Don haka kafin Baba ya sayar da buhun masara, ko Umma ta kwashi adashinta a sayi fom, a zauna a amsa tambaya uku. Shekara nawa abin zai ci? Wa zai biya har ƙarshe? In kuma tafiya ta tsaya a tsakiya, me zai rage a hannunka? Ta ukun ce ba a cika yi ba, ni kuwa da ita na fi auna kowace hanya.

Fara da takardar sakamakonka. Kusan duk inda za ka je, kiredit biyar ake nema, da Turanci da Lissafi a ciki, a zama ɗaya ko biyu. In Lissafi ya kayar da kai a WAEC, duba na NECO, in shi ma bai yi ba ka zana GCE ta ƙarshen shekara. Sayen fom ɗin JAMB, jarabawar neman shiga manyan makarantu, da ramin Turanci a takarda zubar da kuɗi ne.

Jami'ar Ahmadu Bello, ABU, ce burin kowa, kuma da dalili. Tun 1962 take, sunanta na buɗe ƙofa har wajen Najeriya, ga harabar Samaru, ga ta Kongo inda ake karatun lauya da harkar mulki, ga asibitin koyarwa a Shika. Ɗan Zazzau yana da gatan da ɗan Jos ko ɗan Ilori ba shi da shi: zai kwana a gida, ya ci tuwon gida. Amma a lissafa kuɗin mota. Mai zama a cikin Birni ko Tudun Wada, in lacca ta kama ƙarfe takwas a Samaru, kullum sai ya biya zuwa da dawowa, shekara huɗu cur, kuma wannan kuɗin ba ya cikin takardar da makaranta ke bayarwa. Injiniya da lauya shekara biyar ne, likita shida, in ba a yi yajin aiki ba ke nan. A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata takwas ba sa shiga aji.

Jarabawar JAMB darasi huɗu ce, maki 400, kuma sakamakon shekara ɗaya yake aiki. A nan ne yara da yawa ke maƙalewa. Yaro ya ci 190, ya kafe shi sai likitanci, ya sake zanawa baɗi, ya sake baɗin baɗaɗa, yana zaune a majalisar ƙofar gida ana ce masa "likita". Mutane na kiran wannan juriya. Ni dai zaman kashe wando nake gani, ko da an sa masa suna jiran gurbi. In sau biyu makin bai kusanci abin da kwas ɗin ke ɗauka ba, a canza kwas ko a canza hanya.

Game da kuɗi, tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu ruwa a kai, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ya rage wa iyaye nauyi, amma bashi ne, kada a ɗauke shi kyauta. Babban aibin jami'a a ma'aunina shi ne wannan: wanda ya bari a aji uku, saboda rasuwar mahaifi ko karyewar jari, da takardar sakandare zai koma gida.

Akwai hanyar IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, wadda ABU ɗin ce ke kula da jarabawarta. Ƙasa da shekara ake yi, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Ta dace da mai ƙwaƙwalwar da JAMB ke ba shi tsoro, amma karatun ya fi na sakandare nauyi sosai, kuma a bincika cibiyar tana cikin waɗanda aka amince da su kafin a biya ko sisi.

Poli kuwa, wato Nuhu Bamalli, mutane na yi mata kallon ta biyu, alhali a tambaya ta uku ta fi jami'a. Shekara biyu ka karɓi ƙaramar difloma, ND, a hannu. Sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan in da hali ka dawo babbar difloma, HND, shekara biyu, ka tafi bautar ƙasa kamar mai digiri. In babu hali, ka tsaya da ND ɗinka ka nemi aiki, ko ka shiga jami'a daga aji biyu in sakamakon ya yi kyau. Ga gidan da ba a san yadda baɗi za ta kasance ba, wannan hawa mataki-mataki ya fi kwanciyar hankali. Aibinta sananne ne: har yanzu akwai ma'aikatun da ke fifita digiri a kan HND. Kada kuma a manta da Kwalejin Aikin Gona ta Samaru da cibiyar nazarin sarrafa fata da jima ta NILEST, su ma suna ba da difloma, kuma ba su da cunkoson masu nema irin na jami'a.

Koyarwa fa? Tsohuwar kwalejin ilimi ta tarayya, FCE, wadda aka ɗaga zuwa jami'ar ilimi ta tarayya, ta daɗe tana yaye malamai. Takardar malanta ta NCE shekara uku ce, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma mai ita ba ya zuwa bautar ƙasa sai ya ɗora digiri. Aiki ba ya wuyar samu, don kowace unguwa akwai makarantar kuɗi. Albashin ne dai sai haƙuri.

Ga ƙannena mata, fannin lafiya ya cancanci dubawa: jinya, ungozoma, lafiyar al'umma, ko a makarantar jinya ta asibitin koyarwa, ko a kwalejin Shehu Idris da ke Maƙarfi. Ana neman ma'aikatan lafiya mata ko'ina. Abu biyu kawai. Ki tabbata hukumar da ke ba da lasisi ta san makarantar, domin masu zaman kansu sun yi yawa, kuma takarda ba lasisi ado ce. Sannan in akwai maganar aure, a yi zancen karatu a gaban manya tun kafin a sa rana.

Kwalejin tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964 tana nan, amma koyon tuƙi miliyoyi yake ci. Mai hali ya gwada.

Kaki ma zaɓi ne, Dafo, inda ake horar da sababbin sojoji, na nan cikin gari. Wata shida ake horar da kurtu, fom kyauta ne ta intanet, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka ɗan damfara ne. Ita ce hanya mafi saurin kai mutum ga albashi. Ita ce kuma wadda za a iya tura ka dajin Borno ko Zamfara kana ɗan shekara ashirin. Kada zaman banza ya kai ka can, kuma kada ka tafi ba da yardar iyaye ba.

Sai sana'a, wadda a ganina aka fi raina ta ba gaira ba dalili. Je ka unguwar PZ da hantsi ka tsaya gaban teburin mai gyaran waya. Yaro ne bai fi shekara sha tara ba, ya sa allon waya ƙarƙashin madubi, iskar zafi na hurawa, ya ɗaga wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba da ɗan hantsaki, ya maida sabo, waya ta kawo wuta, ya karɓi kuɗinsa nan take. Haka masu haɗa sola, masu walda, teloli, da masu ɗinkin babbar riga na cikin Birni da aka san Zazzau da su. Amma kada a yi maka romon baka. Watannin farko shara ce da aike, "kai, sayo mana ruwa", kuma wani maigidan sai ka shekara bai bar ka ka taɓa aikin kwastoma ba. Kafin a kai ka, a tambaya: yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu? In suna da shagunansu, zauna. A yi magana a gaban shaidu kan tsawon zama da kuɗin abinci, a kuma fara tara kuɗin kayan aiki tun ranar farko, don an sha yaye yaro ya rasa keken ɗinki ya koma yaron shago. Tuƙin Keke Napep da acaɓa ba na sa su a wannan layi. Suna kawo kuɗin yau, amma bayan ka cire balas da mai, shekara biyar ba ta ƙara maka ƙwarewar komai.

Da ƙanena ne ya tambaye ni, ga abin da zan ce. Maki mai kyau da mai ɗaukar nauyi tsayayye: ABU. Maki matsakaici ko gidan da ake lallaɓawa: poli ko fannin lafiya. Kowanne ka zaɓa, watannin da ke tsakanin gama jarabawa da fitowar sunaye ka yi su a shagon wani. Ɗalibin da ya iya aski ko gyaran waya ba ya rasa kuɗin motar Samaru.

In ka tashi yin rajistar JAMB, yi da layin wayarka, kada ka yi da na mai shagon intanet, domin duk saƙo ta wannan layin zai riƙa zuwa. Duba cewa suna da ranar haihuwa da ke kan NIN sun yi daidai da na takardar WAEC, harafi ɗaya na iya jawo maka zirga-zirgar wata guda. Gurbin da bai fito a CAPS, shafin JAMB da ke nuna wanda aka ɗauka, ba kuma kada ka biya masa kuɗin makaranta, komai girman wanda ya ce ya samo maka.