Rangadin gonar abalon a Hermanus: abin da na gani a cikin kwanduna

Garin Hermanus da ke kudu maso gabashin Cape Town a Afirka ta Kudu ya yi suna wajen kiwon abalon, wani dodon koɗi na teku da 'yan ƙasar ke kira perlemoen, wanda akasari ake kaiwa kasuwannin Hong Kong da Sin. Na biya kuɗin rangadi a ɗaya daga cikin gonakin bakin tekun, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, musamman ga mai kiwon kifi irina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da mai yi mana jagora ta zaro kwando daga cikin tanki, ruwa na zuba, ta nuna mana allunan da abalon ke manne a jikinsu. Ta bayyana cewa wannan halitta ba ta iyo kamar tarwada, saboda haka ba da yawan ruwa ake auna cunkoso ba, sai da faɗin wurin mannewa. Idan aka cika kwando, sai su hau kan juna, manya su tare hanyar abinci da dare, wanda shi ne lokacin kiwonsu, ƙanana kuwa su tsumbure. Shi ya sa ake ware su bisa girma lokaci zuwa lokaci, domin dabbar da ke cin shekara 3 zuwa 4 kafin ta isa sayarwa ba a wasa da wata guda na girmanta.

Bayanin abinci ma ya gamsar da ni. Ɗanyar ciyawar teku galibinta ruwa ce, ana bukatar fiye da kilo 10 kafin abalon ya ƙara nauyin kilo ɗaya, alhali haɗaɗɗen abinci irin Abfeed, mai ɗauke da garin kifi, yakan hanzarta girma ko da kaɗan aka zuba. Sai dai ragowarsa tana ruɓewa ta ɓata ruwa idan hannu ya yi nauyi wajen zubawa, don haka wasu gonaki ke haɗa biyun.

Ƙorafina ɗaya ne: an ja lokaci wajen ɗanɗana naman, aka wuce ɗakin ƙyanƙyasa cikin gaggawa, kuma da rana muka je, lokacin da dabbobin ke lafe ba sa cin komai. Wanda zai je ya tanadi tambayoyinsa tun daga gida, ya kuma sa takalmin da ba ya santsi, domin ko'ina a jiƙe yake.