Organic Maps a kan Dutsen Kagoro

Ranar Asabar muka hau Dutsen Kagoro ni da ƙanena. Tun a Kaduna na sauke taswirar yankin a Organic Maps, manhajar taswira ta waya, har da layukan da ke nuna tudu da gangare, don na san sabis zai ɗauke a sama. Ai kuwa ya ɗauke, amma shuɗiyar kibiyar da ke nuna inda muke a taswira ba ta daina bin mu ba, tunda GPS da tauraron ɗan'adam yake hulɗa, ba ruwansa da data. Da hazo ya rufe hanyar saukowa, alamar da na dasa inda muka bar mota ce ta fisshe mu. Manhajar kyauta ce, babu talla.

Tsohuwar wayata dai ta ji jiki, caji ya kusa ƙarewa kafin la'asar. Ƙanena sai dariya: "Yaya, ina fawa bankin?"