Inshorar gobara ko ta kayan gida: wacce ta dace da ɗan haya a Zariya?

Malam, ka ce ka kama ciki da falo a Hanwa, amarya za ta tare bayan Sallah, kuma mai gidan ya ce ka kwantar da hankalinka, gidansa yana da inshora. Sai ga wani dillali ya kawo maka takardu biyu, ɗaya ta gobara kaɗai, ɗaya ta kayan gida wadda ta haɗa har da sata. Kana tambayar wacce za ka ɗauka, ko ma ka bar su duka. Allah ya sanya alheri tukuna.

Maganar mai gida ba ƙarya ba ce, amma ba da kai ake ba. Inshorarsa ta gininsa ce: bango, rufi, silin, ƙofofi. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke amfani da su, har da gidajen haya, sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ma ba ta cire wannan ba. Sai dai in gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, shi za a gyara wa gini. Gado da katifa da kujeru da firjin amarya ba sa cikin lissafi, sai in ka tabbatar sakacinsa ne ya jawo, wannan kuwa doguwar shari'a ce.

To, ga takardun naka biyu. Ta gobara ta fi araha, kuma ta fi sunanta faɗi, domin yawanci ana haɗa mata tsawa, fashewar tukunyar gas ta girki, guguwa da ambaliya. Kowa ya san iskar farkon damina a garin nan, yadda take yaye kwano ta bar mutum yana kallon sama daga kan gadonsa. Kwanon na mai gida ne, katifar da ta jiƙe taka ce, kuma ita wannan takarda za ta biya idan an rubuta guguwa a ciki. Ka duba da idonka, kada ka ɗauki "ai duk yana ciki" daga bakin dillali. Akwai kuma wani sharaɗi da mutane ba sa lura da shi. Idan aka kawo wuta da ƙarfi talabijin ya ƙone shi kaɗai, galibi ba a biya. Idan wutar ta kama labule ta ci ɗaki, za a biya kayan ɗakin, a cire talabijin da ya fara.

Ta kayan gida tana ɗauke da duk wannan, ta ƙara da sata. A nan ne kuma aka fi yin rigima da kamfani. Satar da suke nufi ita ce ta fasa gida: an ɓalle ƙofa, an yanke ƙarfen taga, an huda silin. Lokacin da nake haya a Tudun Wada, wani maƙwabcina ya kwana da taga a buɗe saboda zafin bazara, ɓarawo ya zura sanda ta tsakanin ƙarafa ya janye wandonsa da waya a aljihu. Da safe ba abin da ya karye, ko kwaɗo ba a taɓa ba. Irin wannan, ko yana da inshora, da wuya ya ga kwabo. Haka in yaron gida ya ɗauka, ko aka bar ƙofa a sake. Tsabar kuɗi ba a cika sa su ba, gwal kuma akwai iyakar da ake biya sai in an lissafa shi daban da ƙimarsa. Ka gaya wa amarya wannan tun yanzu.

Abin da ya sa ni na fi karkata gare ta ma ba satar ba ce. Yawancin irinta tana ɗaukar nauyin ɓarnar da kai ɗan haya ka jawo wa ginin mai gida. A hunturu ne ake manta hita a bokiti har ruwa ya ƙafe. In wuta ta tashi daga ɗakinka, bayan ka rasa kayanka mai gida zai zo da nasa lissafin. Ta gobara kaɗai ba ta tare maka wannan. Wasu kamfanonin ma suna biyan kuɗin wurin da za ku zauna kafin a gyara.

Akwai inda biyun suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai. Ba su aiki sai ka biya kuɗin shekara, alkawari ba ya shiga. Kowace tana da wani kaso na asara da kai za ka ɗauka kafin kamfani ya sa hannu a aljihu. Kuma in ka rage ƙimar kaya don kuɗin ya yi sauƙi, kanka ka cuta. A ce kayan ɗakin sun kai naira miliyan 4, ka rubuta miliyan 2, wuta ta ci na miliyan 1. Dubu 500 za a ba ka, tunda rabin kayan ka yi wa inshora. Yadda farashi ke tashi, duk shekara sai ka sake lissafi.

Sai sharaɗin barin gida ba kowa. Takardar tana faɗin kwanakin da in aka wuce su gida a kulle, kariyar sata ta tsaya. Wannan ya fi shafar ɗaliban da ke haya a Samaru da Kongo. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata 8 ya yi, ɗakuna suna rufe. Ɗalibin da dukiyarsa katifa ce da kwamfutar da yake yawo da ita, ba ɗaya a cikin biyun da ta dace da shi sosai, domin abin da aka sace a waje ba su san da shi ba. Kai kuwa mai iyali da kayan aure sababbi, ta kayan gida zan ce ka ɗauka, sai in kuɗin ya gagara, ka fara da ta gobara.

In zuciyarka ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci. NAICOM, hukumar da ke kula da inshora a ƙasar nan, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna da lasisinta. A can kuɗinka gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, in an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Amma sharuɗɗan fasa ƙofa da ƙimar kaya suna nan daram.

Ranar jere, kafin 'yan'uwan amarya su watse, ka ɗauki hoton kowane kaya, ka nemi rasit ɗin da ke hannun iyayenta, ka adana su a imel ba a durowa ba. Kayan nata ne, don haka ka tabbatar takardar ta ambaci kayan iyalinka, ko a sa sunanta kusa da naka.