Shawarar shayarwa a ɗakin awo: na je, ga abin da na tarar

A likitar unguwarmu (ƙaramin asibiti) a nan Damagaram akwai wata sajfam, wato ungozomar asibiti, da ke zama da duk mai jegon da nono ya ba wahala, bayan an gama awon jarirai an rubuta nauyi a karne, wato littafin awon yaro. Benci ne da labule a gefen ɗakin awo, babu ko allon da zai nuna ana wannan aikin, sai dai wata ta gaya wa wata. Na riƙa zuwa wurinta tun ɗana bai yi arba'in ba har ya fara zama. In aka tambaye ni, aikin ya cancanci wahalar layi, amma fa yana da nasa gyaran.

Abin da ya kai ni shi ne kan nono da ya tsage, daga baya na hagu ya kumbura ya yi ja, ga zafi, ga zazzaɓi da rawar sanyi. A gida tuni an yanke hukunci: kaikai ne, nonon ya lalace, a hana yaro wannan ɓangaren, a jiƙa sassaƙe, in ta kama a sayo madarar gwangwani. Ita kuwa ko zancen magani ba ta fara da shi ba. Cewa ta yi, "Ƙanwata, ba shi in gani." Ta zuba ido yana sha, sannan ta nuna mini cewa kan nonon kaɗai yake tsotsa, shi ya sa yake tsagewa, shi kuma ba ya ƙoshi. Ta juyo da cikinsa ya haɗu da nawa, ta jira ya wage baki sosai kafin ta matso da shi. Haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya shige bakinsa da yawa. Zafin bai tafi nan take ba, amma ya ragu yadda na iya barinsa ya sha har ya saki da kansa. A duk abin da ake yi a wurin, wannan zaman kallon ne ya fi daraja, kuma ba ya cin ko dala.

Game da kumburin, ta ce a ci gaba da ba shi ɓangaren mai ciwo, domin nonon ba zai cuce shi ba, barinsa a cike ne ke ƙara ta'azzara abin. Ta hana murza da ƙarfi da gashi da ruwan zafin da tsofaffi ke yi lokacin wankan jego, ta ce a ɗora tsumma mai sanyi bayan ya sha. Da yake zazzaɓin ya wuce yini bai sauka ba, ta tura ni wurin lokotoro, ya rubuta mini kulokzasilin na kwana 10 da farasitamol. Ta ja mini kunne in shanye ko da na ji sauƙi, don ciwon da aka bari rabi da rabi yakan tara ruwa ya zama ƙurji, wanda sai an kai mace babban asibiti an fitar da mugunyar.

Inda ta fi burge ni shi ne maganar magunguna. Ta ce in kwaso duk abin da ake sha a ɗakina, na farmasi da na ƴan akwaku da na ƴan barka, in zo da shi. Mai jego dai kowa likitanta ne, don haka ledar ta cika. Ta zazzage a kan tebur ta shiga warewa. Farasitamol da ibuprofen ta tura gefen dama, ta ce kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono. Amoksisilin ma haka, in likita ne ya rubuta. Da ta ga tiramol ɗin da wata ƴar uwa ta kawo saboda ciwon baya, fuskarta ta sauya. Tiramol da maganin tari mai kodin suna bi ta nono su sa jariri barci mai nauyi, ya kasa tsotso, numfashinsa ya yi ƙasa. Hantar mutum ce ke juya kodin ya zama mofin, wasu matan kuma jikinsu na yin hakan da sauri fiye da kima ba tare da sun sani ba. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan su biyun ga masu shayarwa a 2017, mu kuwa nan ana sayar da tiramol a tire kamar goro.

Ta ware asfirin ta ce a bar shi tunda akwai wanda ya fi shi aminci. Ta ware maganin buɗe ciki da ake ba masu jego don su yi ƙiba kafin a koma ɗaki, mai sinadarin sifroheftadin, ta ce yana iya rage ruwan nono ya kuma sa kasala. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci su ma suna rage nono. Har man shafawa ta tambaya, domin wasu mayukan bilicin na ɗauke da sinadarin makuri wanda ke shiga jini ya kai ga nono, balle a shafa a ƙirji inda bakin yaro ke sauka. A kan tazarar haihuwa ta bambanta mini ƙwayoyin: masu sinadari biyu, waɗanda ke da estirojin, na iya rage nono a watannin farko, don haka mai shayarwa aka fi ba ƙwaya mai sinadari ɗaya, ko allura, ko ashanar hannu. Da damina ta shigo, maganarta a kan zazzaɓin cizon sauro ita ce a yi gwajin jini tukuna, in ya nuna a sha Coartem yadda aka rubuta, yaro kuma ya ci gaba da shan nononsa.

Akwai ɗaya ɓangaren haɗarin da ba a cika faɗa ba, wato yaye yaro ba gaira ba dalili saboda magani. Na taɓa jin mai sayarwa a wata farmasi yana ce wa wata mata ta dakatar da nono har ta gama ƙwayoyinta, don takardar cikin kwalin ta ce a yi hattara. Mako guda ba tsotso ya isa nono ya ja baya, yaro ya saba da bulumboti. Magungunan da ke tilasta a daina shayarwa ƴan kaɗan ne, irin na cutar daji. Ƙa'idar da sajfam ta ba ni mai sauƙi ce: duk wanda zai rubuta miki magani, gaya masa kina shayarwa, gaya masa watannin yaron, da ko bakwaini ne ko ya yi shawara, domin waɗannan ne jikinsu bai iya fitar da magani da wuri.

To, ga inda aikin ya gaza. Layin yana da tsawo, in ba ki yi sammako ba rana za ta take kina zaune da jariri a cinya. Labulen ba ya rufe murya, mace mai kunya ba za ta iya faɗin abin da ke damunta ba alhali maƙwabta na saurare. Mafi muni, komai ya rataya a kan mutum guda. Ranar da ba ta nan, wadda na tarar ko duba ni ba ta yi ba, cewa ta yi, "Haka jego yake, sai haƙuri." Tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma ciwon nonon uwa bai shiga ciki ba, maganin ma babu shi a wurin, sai da maigida ya hau kabu-kabu ya nemo a gari. Babu kuma wata ƴar takarda da Hausa da za ki tafi da ita gida ki nuna wa wanda ke musu.

Masu musun kuwa su ne masu iko da yaron, amma ba a gayyatarsu. Da kaina na roƙi surukata ta raka ni, domin rigimar ruwa da bauri ta ƙi ƙarewa. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, da wuya ki shawo kan tsohuwa cewa jariri ba ya jin ƙishirwa. Sajfam ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, ai kun fi mu sanin goyo. Ruwan nan uwar za a ɗura wa, shi zai same shi a nono." Ta yi mata bayanin cewa sama da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2 ko fiye. Ta ce in yaro na jiƙa tsumma sau 6 ko fiye a yini, nauyinsa na hawa a karne, to yana ƙoshi. Ta ƙara da cewa kada a lasa masa zuma kafin ya shekara. Inna ba ta sallama duka ba, amma kofin ruwan ya bar gefen gado. A garin da famfo ke yin kwanaki bai zo ba, ana dogaro da ƴan ga-ruwa, wanke bulumboti da dama madara sau takwas a yini hanya ce ta gudawa.

Da hutun haihuwa na mako 14 ya kusa ƙarewa, na nuna mata abin tatsar nono mai robar matsawa da na saya. Ba ta yaba ba, ta ce nono na maƙalewa cikin robar kuma ba ta wankuwa. Ta koya mini tatsa da hannu cikin kofi mai murfi da aka tafasa, a ba yaro da ƙaramin kofi. Nonon da aka tatsa kan yi awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, ko kwana 4 a firiji, sai dai da zafinmu da ɗaukewar wuta na fi son a ba shi da wuri.

Wadda za ta je, ta yi sammako, ta riƙe karne, ta zo da magungunanta cikin kwalayensu don a iya karanta sunan. Amma in nono ya yi ja da zazzaɓi, ko jariri ya ƙi tsotso, ko barcinsa ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, kada a jira ranar awo, a tafi a lokacin ko da dare ne.