Maganar makarantar yara a Jidda, ga masu ta tambayata

Salamu alaikum mutanen gida. Tunda na dawo daga hutu ake ta turo min saƙo akan karatun yara a nan Saudiyya, wani ma cewa yayi yaji komai kyauta ne har abinci, shiyasa nace bari na zauna na rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Shekarata 11 a Jidda, ina aikin lissafi a wani kamfanin kayan gini, yarana uku, biyu suna makarantar gwamnati.

Eh gaskiya ne ba'a biyan kuɗin makaranta, littattafai ma su suke bayarwa duk shekara, babu kuɗin jarabawa babu kuɗin tsintsiya babu azo da alli. Abinci dai kai zaka ba yaro riyal ɗinsa ya saya a maƙsaf, wato ɗan shagon cikin makaranta. Amma abinda masu ba ku labari basa faɗa shine sai yaro yanada igama mai rai, wato takardar izinin zama, kafin a ɗauke shi, kuma tun 2017 aka sa haraji akan iyalan baƙi, an fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum, daga 2020 ya zama 400. Matata da yara uku, mutum huɗu kenan, duk wata 1,600 nake warewa, a shekara 19,200, to kaga kyautar akwai kuɗinta a wani wajen. Abokaina da yawa akan wannan kuɗin suka maida iyalinsu Kano da Katsina, suka zauna su kaɗai.

Rajista a waya ake yi ta manhajar Nur, ɗan ƙasa ake fara ba gurbi, babban ɗana sai da muka yi sati uku muna jira kafin ya samu. Karatu Lahadi ne zuwa Alhamis, kafin bakwai na safe sun fita, da azahar sun dawo. Firamare shekara shida, mutawassiɗ wato ƙaramar sakandare uku, sanawi wato babbar sakandare uku. Ajin akwai esi, wuta bata ɗaukewa, in yaro bai je ba saƙo zai shigo wayata kafin na gama shan shayi a ofis. Lokacin korona a 2020 aka buɗe manhajar karatu ta Madrasati, yara suna ɗaki malam yana koyar dasu ta kwamfuta, a daidai lokacin 'ya'yan yayana a gida suka yi wata da watanni ba boko. Wlh abin ya tsaya min a rai, don 'ya'yan Yaya sun fi nawa kaifin kai, kayan aiki ne kawai babu.

To amma tarbiyya fa, nan ne kuka fi mu. A gida ɗa na kowa ne, yaro yayi ba daidai ba a layi maƙwabci zai ja masa kunne kafin labari ya iso ka, ga kaka ga gwaggo ga malamin allo. Nan muna hawa na uku a gidan haya, ƙofa a rufe, zafi baya barin yaro ya fita da rana, wanda ke ƙofar da ke kallon tamu shekara huɗu sallama kawai ke haɗa mu. Duk nauyin yana kan uwarsu, ni sai bayan isha'i nake shigowa, sauran lokacin waya ce ke renonsu in ba'a tsaya ba. Bulala an hana a makaranta, kuma ban ga yaran sun lalace don haka ba, wannan na yarda dashi.

Wanda yafi ƙona min rai shine harshe. Ranar sallah na kira Hajiya na miƙa wa ƙaramar wayar, Hajiya tana cewa 'yar albarka ina kwana, yarinya ta juyo tana tambayata da Larabci me take cewa. Hajiya shiru tayi, sai can tace Allah ya raya. Daga ranar na kafa doka, an shigo gida Hausa zalla, in an tambaye ni da Larabci bana amsawa. Akwai Hausawan da kakanninsu suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna a Makka, har yau jikokinsu suna jin Hausa saboda unguwa ɗaya suka taso, tsirensu ma Larabawa layi suke masa. Mu a Jidda unguwannin da mutanenmu suke da yawa irinsu Karantina da Sabil da Gulel an rushe su daga ƙarshen 2021, kowa ya watse, yarana basu da abokin wasa Bahaushe kusa.

Harkar gari kuwa baƙo bashi da ƙuri'a, zaɓen baladiyya, wato ƙaramar hukuma, da aka yi a 2015 ma na 'yan ƙasa ne. Iyakarka ka kira 940 ka kai ƙorafi, na taɓa kira akan fitilar layinmu kuma an zo an gyara. Taron iyaye a makaranta bana fashi, amma saurare yafi yawa. Namu na kanmu shine ɗan asusun da muke tarawa duk wata don mara lafiya da jana'iza, da halƙar hadda, wato zaman haddar Alƙur'ani, bayan la'asar.

Sanda ina gida sau nawa ake kiran taron iyaye ko aikin gayya na yashe kwata ban je ba, ga kansila muna haɗuwa a masallaci ban taɓa tsayar dashi akan makarantar unguwa ba. Wannan hutun na shiga firamaren da nayi, aji biyu babu rufi, yara a ƙasa. Yaya dan Allah in an kira taron iyaye na gaba kaje ka tada maganar kwanon nan, a samu kafinta yayi lissafi kafin damina, ka turo min a WhatsApp, ni da mutum huɗu 'yan garinmu a nan mun yi magana zamu ɗauki aji ɗaya.